Wa'adin Yamai na 2023: Lissafin Man Jirgi, Bakin Teku da Hanyar Funtuwa

Kowace barazanar yaƙi tsakanin ƙasashe tana da fuska biyu. Akwai wadda ake nunawa a zauren taro, inda shugabanni suke yanke wa'adi, hafsoshi kuma suke jeruwa cikin kaki a ɗauke su hoto. Akwai kuma wadda ba a cika fito da ita fili ba, wato lissafin abin da mayaƙi zai ci, da man da jirginsa zai sha, da hanyar da harsashi zai bi tun daga bakin teku har ya iso hannunsa. Wannan fuska ta biyu ita ce tanadi da jigila, ma'ana duk aikin tara kayan yaƙi da guzuri, da adana su, da gyara abin da ya lalace, da kai kowane abu inda ake buƙatarsa a kan kari. Rikicin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023 shi ne lokacin da ƙasar Hausa ta fi kusantar ganin yaƙi irin na zamani tsakanin gwamnatoci, wanda jiragen sama za su buɗe, tashoshin teku kuma su ciyar da shi, kuma idan aka dube shi daga yankin noma na Funtuwa da Malumfashi, inda garuruwa irin su Tsiga suke, za a ga cewa an yanke wa'adin tun kafin a zauna a yi wannan lissafi.

A ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun da suke gadin fadar shugaban ƙasa suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, bayan kwana biyu kuma Janar Abdourahamane Tchiani ya bayyana kansa a matsayin sabon shugaba. Ranar 30 ga watan shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Bola Tinubu, suka ba sojojin mako guda su mayar da mulki, suka kuma ƙaƙaba takunkumi da ya haɗa da rufe iyakoki da dakatar da zirga-zirgar jiragen fasinja da hulɗar kuɗi, Najeriya ta ƙara da yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda ita ce kaso mafi tsoka na wutar ƙasar. Wa'adin ya cika ranar 6 ga Agusta, Nijar ta rufe sararin samaniyarta, ranar 10 ga watan aka ba da umarnin tayar da rundunar ko-ta-kwana, wato dakarun da aka ce kowace ƙasa ta ware domin a kira su idan ta ɓaci, sannan hafsoshin tsaro suka zauna a Accra ranakun 17 da 18, inda kwamishinan harkokin siyasa da tsaro na ƙungiyar, Abdel-Fatau Musah, ya ce har an tsayar da ranar afkawa. Ranar ba ta zo ba har yau. Adalci ne a ce ƙungiyar tana da hujjarta, domin yarjejeniyarta ta 2001 kan dimokuraɗiyya ta haramta karɓar mulki da bindiga, kuma Mali da Gini da Burkina Faso sun riga sun faɗa hannun soja tsakanin 2020 da 2022, har ana fargabar cewa idan aka kawar da kai a karo na huɗu babu wanda zai sake jin tsoron ƙungiyar. Sai dai hujja daban, iya aiwatarwa daban.

Da an yi yaƙin, ta sama za a fara shi, domin Nijar ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, kuma wanda ake son a ceto yana tsare ne a tsakiyar babban birninta, a hannun waɗanda za a kai wa harin. Najeriya ce kaɗai a cikin ƙungiyar take da rundunar sama da za a iya jingina da ita, amma idan aka ƙidaya abin da ke cikin rumbun za a ga bai kai yadda ake zato ba. Akwai jiragen Super Tucano guda 12 da suka iso a 2021 aka girke su a Kainji, waɗanda aka ƙera domin farautar 'yan tayar da ƙayar baya a daji, masu farfela ne, ba su da saurin da za su kara da jirgin yaƙi na gaske. Akwai JF-17 guda 3 da aka sayo daga Pakistan. Akwai tsofaffin Alpha Jet da suka yi aiki tun zamanin Laberiya. Sai 'yan ƙalilan ɗin jiragen dakon kaya samfurin C-130. Ƙasar ba ta da jirgin da ke shayar da wani jirgi mai a sararin sama, saboda haka tilas kowane jirgin yaƙi ya tashi daga filin da ke kusa da iyaka, kamar Sakkwato ko Birnin Kabi ko Katsina, ya yi aikinsa cikin gaggawa, ya juyo kafin tankinsa ya ƙafe. Ƙari a kan haka, Super Tucano a Amurka aka haɗa su, kayan gyaransu da bama-bamansu masu linzami kuma suna bin amincewar gwamnatin Amurka, wadda a lokacin take da sojoji kusan 1,000 a cikin Nijar ɗin, ba ta kuma nuna ɗokin ganin an yi ruwan wuta a inda 'ya'yanta suke zaune ba.

A nan ne teku yake shigowa cikin maganar ƙasar da ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya. Jirgin yaƙi ba ya shan fetur ɗin mota, man jirgi yake sha, wani tataccen nau'in kananzir wanda ɗan ruwa ko ƙura yake iya ɓatawa, kuma a watan Agustan 2023 matatar Kaduna a kwance take, matatar Ɗangote ba ta fara aiki ba sai a 2024, wanda ke nufin kusan duk ɗigon man da za a ƙona a samaniyar Dosso ko Maraɗi sai an shigo da shi ta jirgin ruwa, an sauke a Legas, an ɗura a tanka, an tuƙo shi fiye da kilomita 1,000 zuwa arewa. Haka makamai da kayan gyara da magunguna, haka kuma bataliyar da Shugaba Alassane Ouattara ya ce Kwaddibuwa za ta bayar, mai mutum 850 zuwa 1,100, da dakarun da Senegal ta yi alkawari, waɗanda mafi sauƙin hanyar kawo su da motocinsu masu sulke ita ce ta ruwa zuwa Kwatano ko Legas, ko kuma ta hayar manyan jiragen dako daga waje, tunda Mali da Burkina Faso sun tare hanyar ƙasa ta kai tsaye. Hatta ma'ajiyar kayan yaƙi da ECOWAS ta daɗe tana ginawa domin rundunar tata a Lungi take, can ƙasar Saliyo a bakin teku, wurin da ya dace da yaƙe-yaƙen shekarun 1990 amma ya yi nisa ƙwarai da Sahel.

Duk wanda ya bi taswirar wannan jigila daga Legas zuwa Kaduna zuwa Zariya zai tarar da cewa a Funtuwa hanya take rabuwa: reshe ɗaya ya nufi Gusau da Sakkwato, inda Runduna ta 8 ta sojan ƙasa take, ɗayan kuma ya bi ta Bakori da Malumfashi zuwa Yashe da Katsina, mazaunin Birged ta 17 da sansanin sojan sama da ke filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Tsohon layin dogo na Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda Turawa suka shimfiɗa a shekarun 1920 domin kwashe auduga da gyaɗa, ya ratsa Funtuwa amma ya daɗe ba ya ɗaukar nauyin a-zo-a-gani, don haka komai a kan kwalta zai hau. Ke nan da yaƙin ya ɓarke, wannan yanki na masara da dawa da waken soya da auduga shi ne zai zama bayan fage, wato yankin da mayaƙan gaba suke dogaro da shi, kuma zai zama haka ne a tsakiyar damina, watanni biyu kacal bayan cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayu, a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka saba tarewa tsakanin Funtuwa da Tsafe da kuma wajen Ƙanƙara da Faskari. Ayarin tankokin man jirgi ba ya tafiya sai da rakiya, kuma sojan da zai yi rakiyar da jirgin da zai yi masa shawagi daga cikin na rundunar Hadarin Daji mai yaƙi da 'yan bindiga za a zare su, waɗanda ko a lokacin ba su wadatar da ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, a nan kuwa gorar da za a ɗauka ita ce wadda mutanen gida suke sha da ita.

Masu goyon bayan amfani da ƙarfi sun riƙa kafa hujja da nasarorin baya, kuma nasarorin na gaske ne, sai dai kowacce teku ce ta ɗauke mata nauyi. A watan Agustan 1990 dakarun ECOWAS da ake kira ECOMOG na Najeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya sun taru a Freetown, suka shiga jiragen ruwa, suka sauka a tashar Monrovia ta Laberiya, kuma wannan tasha ita ce ta zama cibiyarsu da ƙofar abincinsu da harsashinsu tsawon shekaru, har a lokacin da mayaƙan Charles Taylor suka yi wa birnin ƙawanya a Oktoban 1992, jiragen ruwa da Alpha Jet na Najeriya suka taimaka aka kore su. Duk da wannan sauƙi, farkon aikin ya zo da ruɗani a kan wanda ke ba da umarni, har madugun 'yan tawaye Prince Johnson ya kama shugaban ƙasar Samuel Doe a harabar hedikwatar rundunar a watan Satumba, abin da ya sa aka maye gurbin kwamandan farko, Janar Arnold Quainoo na Gana, da Janar Joshua Dogonyaro na Najeriya. A Gambiya kuwa, a Janairun 2017, Najeriya ta tura jirgin ruwan yaƙi NNS Unity da jiragen sama zuwa Dakar, sojojin Senegal suka tsallaka iyaka ranar 19 ga wata, Shugaba Yahya Jammeh ya bar ƙasar ranar 21. Amma Gambiya 'yar siririyar ƙasa ce da Senegal ta kewaye ta gefe uku, teku ya rufe na huɗun, sojojinta kaɗan ne kuma ba su yi niyyar mutuwa saboda Jammeh ba. Nijar ta ninka ta fiye da sau 100 a faɗi, rundunarta ta goge da yaƙi a Diffa da Tillabéri, shugabanninta kuma sun bi bayan masu juyin mulkin tun kwana na biyu.

Misalin da ya fi kama da na Nijar shi ne na Mali a 2013, kuma darasinsa yana da ɗaci. Faransa, da duk ƙarfinta, ba ta iya kai dakarunta da kayanta ba sai da Amurka da Birtaniya suka ba ta aron manyan jiragen dako samfurin C-17, Amurka kuma ta riƙa shayar da jiragen yaƙinta mai a sama. Rundunar Afirka da Manjo Janar Shehu Abdulkadir na Najeriya ya jagoranta ta dogara da irin wannan taimako, kuma jiragen Alpha Jet na Najeriya a filin jirgin Yamai aka girke su, daga can suke tashi, har ɗaya daga cikinsu ya faɗi a yammacin Nijar a watan Mayun shekarar, matuƙansa biyu suka rasu. Wato filin da Najeriya ta jingina da shi domin ta isa Sahel shi ne bayan shekara goma ake shirin kai wa hari.

Sararin samaniya ma mallaka ne kamar gona, ba a ratsa shi sai da izinin mai shi. Aljeriya ta fito ƙarara ta ƙi yarda da yaƙin, Cadi ta ce ba za ta shiga ba, Mali da Burkina Faso kuwa suka ce taɓa Nijar tamkar shelar yaƙi ce a kansu, har Yamai ta ba sojojinsu izinin shigowa idan an kawo mata hari. Abin da ya rage na ƙofa shi ne Najeriya da Benin kawai, ita kuma Benin babbar mashiga ɗaya ce ta haɗa ta da Nijar, tsakanin Malanville da Gaya a kan Kogin Kwara, wadda sojojin Nijar suka toshe cikin sauƙi. Ko da ƙofofin a buɗe suke, haɗa jiragen ƙasashe daban-daban a sama ɗaya aiki ne da ke buƙatar cibiyar umarni guda, da rediyon da ke jin juna, da na'urar da ke bambance jirgin aboki da na abokin gaba, da kuma harshe ɗaya tsakanin matuƙin da ya yi karatu da Ingilishi da mai ba shi bayani daga ƙasa da Faransanci. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da Tudun Biri ta jihar Kaduna, inda a daren 3 ga Disambar 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi ya kashe aƙalla mutum 85, rundunar sama kuma ta fara da cewa ba ta yi wani aiki a wurin ba. Idan rassa biyu na soja ɗaya, a ƙasa ɗaya, ba su san abin da juna yake yi a sama ba, to abin da zai faru a kan kasuwannin Ƙonni da Madarumfa a hannun rundunar ƙasashe da dama ba ya buƙatar dogon hasashe.

Akwai kuma wani nau'in guzuri da ba a ɗaukarsa a tanka, wato yardar mutanen da za a bi ta ƙofar gidajensu. Jihohi bakwai ne suke iyaka da Nijar, daga Kabi zuwa Borno, a tsawon fiye da kilomita 1,500, kuma Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne da tarihi ya raba: sarakunan Haɓe da jihadi ya kora daga Birnin Katsina a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa daular Maraɗi, inda har yau sarkin yake amsa sunan Sarkin Katsina, kuma mutanen Katsina Laka, kamar yadda ake kiran kudancin masarautar, sun sha hare-haren dawakin Maraɗi a wancan ƙarni kafin auratayya da fatauci su shafe gabar. Tun 2019 dubun-dubatar 'yan Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsere wa 'yan bindiga suna zaman gudun hijira a jihar Maraɗi. Shi ya sa Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi bin hanyar yaƙi ranar 5 ga Agusta, shi ya sa kuma waɗanda suka fara samun ganin Tchiani daga ɓangaren Najeriya ba hafsoshi ba ne, Muhammadu Sanusi II ne tare da Sarkin Damagaram, sai tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau, kafin Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi su samu shiga a zuwansu na biyu. Takunkumin kuwa, wanda shi ne kaɗai makamin da aka harba, ya sari ɓangarorin biyu: manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari, kayan gwari suka ruɓe, dabbobin Nijar suka ragu a kasuwanni, dillalan hatsi na Dandume da Bakori da Dawanau suka rasa wani ɓangare na masu sayensu, har aka janye shi ranar 24 ga Fabrairun 2024 ba tare da an saki Bazoum ba.

Abin da barazanar ta haifar ya fi abin da ta nema nauyi. Ranar 16 ga Satumban 2023 Mali da Burkina Faso da Nijar suka kafa ƙawancen tsaro na AES, suka sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata bayan shekara guda. Sojojin Faransa kusan 1,500 sun gama fita a Disambar 2023, Amurka ta bar sansaninta na jirage marasa matuƙa da ke Agadas a Agustan 2024, wanda ta kashe wa fiye da dala miliyan 100, kuma ko me mutum yake gani game da zaman baƙin soja, idon da ke kallon hamada daga sama ya ragu. Rigimar ta gangara har bakin teku, domin bututun mai mai tsawon kusan kilomita 2,000 da kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa Sèmè ya zama abin jayayya a 2024, lokacin da Benin ta hana lodin ɗanyen man na ɗan wani lokaci saboda Nijar ta ƙi buɗe iyakarta, kayan Nijar kuma suka koma bin doguwar hanyar Lome ta cikin Burkina Faso da rakiyar soja. Abin lura a nan shi ne tsarin tsaron Mashigin Tekun Gini da aka amince da shi a Yawunde a 2013 ya sa Nijar a shiyya ɗaya da Najeriya da Benin da Togo, mai cibiya a Kwatano, saboda masu tsarin sun gane cewa ƙasar da ba ta da teku ta fi kowa buƙatar tekun ya zauna lafiya.

Mafi tsananin asarar ita ce ta haɗin gwiwar da ta riga ta fara aiki. Rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Cadi, mai hedikwata a Njamena tun 2015, ta kasance tana da shiyyoyi huɗu a Mora da Baga-Sola da Monguno da Diffa, kuma sojojin Nijar da Cadi ne suka ƙwato Damasak ta jihar Borno daga Boko Haram a Maris na 2015. A Maris na 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga cikinta. A yamma kuma, gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun je Maraɗi a 2019 sun ƙulla yarjejeniyar tsaro da gwamnan jihar, saboda makamai da shanun sata da 'yan bindigar kansu ba sa tsayawa a kan iyaka. Irin wannan haɗin kai, na musayar bayanan sirri da sintiri tare da izinin bin sawun ɓarawo idan ya tsallaka, ba ya buƙatar jirgin ruwa ko C-17, kuma shi ne wanda manomin Bakori zai ji amfaninsa a jikinsa. An ɗan yi yunƙurin ɗinke ɓarakar lokacin da babban hafsan tsaron Najeriya na wancan lokaci, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a Agustan 2024, amma kafin shekarar ta ƙare Tchiani ya fito a talabijin yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja kuma ta musanta. Makonni kaɗan bayan haka, a farkon Fabrairun 2025, 'yan bindiga suka shiga garin Tsiga da dare suka tafi da Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, tare da wasu mutanen garin, kuma bai shaƙi iskar 'yanci ba sai farkon Afrilu, bayan kusan wata biyu a daji, a jihar da aka so a mayar da ita mashigar yaƙi da wata ƙasa.